Kifin da ya mutu da la'asar: nazarin wani kududdufi a ƙasan gonakin tumatir

Wurin da kuma mai kiwon

Mai wannan kiwon kifi magidanci ne da ya haura shekara hamsin, mazaunin wani ƙauye a yankin noman rani da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, kudu da birnin Kano. Tun da aka kammala dam ɗin a 1974 ruwa yake bin manyan kanal zuwa filayen Kura, Bunkure da Garun Malam, daga nan ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai da ke shiga gonaki. Gonarsa tana can ƙarshen ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan magudanai. Duk ruwan da ya iso gare shi sai ya ratsa ta gefen gonakin mutum goma sha ɗaya.

Kududdufai uku gare shi, duka na ƙasa. Biyu manya, kowane mita 15 a tsawo, 10 a faɗi, suna shan ruwan magudanar. Na ukun ƙarami ne, mita 10 da 8, yana kusa da bukkar mai gadi, kuma daga rijiyar burtsatse ake cika shi saboda ya ɗan fi magudanar tudu. Da aka haƙa su zurfinsu ya kai mita 1.2, amma laka da ragowar abinci na shekara shida sun cike gindinsu har ruwan bai wuce santimita 70 zuwa 80 ba.

A watan Nuwamba ya zuba karfasa 1,200 a kududdufi na ɗaya, tarwaɗa 2,000 a na biyu, karfasa 800 a na uku. Karfasar duka zubi ɗaya ce, daga wajen mai ƙyanƙyasa ɗaya, rana ɗaya aka kawo ta. Abinci ma iri ɗaya suke ci. Bazara biyar ya yi a wannan wuri yana kiwo, kuma a kowace kifin da yake rasawa saboda zafi bai taka kara ya karya ba.

Abu ɗaya ne ya canza a wannan shekara, kuma a gonakin maƙwabta ya canza. A da yawancin maƙwabtansa na sama alkama suke shukawa, wadda ba ta cin feshi sosai, ana kuma girbe ta kafin zafi ya kankama. A bana takwas daga cikinsu sun dasa tumatir na baya-baya da tattasai, suna fatan su riski tsadar da tumatir ke yi idan bazara ta yi nisa.

Ƙarshen Fabrairu zuwa 21 ga Maris: alamun farko

Da hunturu ya janye, tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta bayyana a tumatir. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifaniya a 2006, kuma a 2016 ta yi wa tumatirin arewacin Najeriya ɓarnar da har yau ake ba da labarinta. Tana son zafi, tana hayayyafa da sauri, ga shi cikin ganye take shiga ta ɓuya inda feshi ba ya isa gare ta da kyau. Manomin da ya ga gonarsa tana ƙonewa kuwa abin da ya sani shi ne ya ƙara magani. Feshin da ake yi sau ɗaya a mako ya koma duk bayan kwana uku, wasu har suna gauraya magani biyu ko uku a famfo ɗaya.

Wajen 10 ga Maris mai kiwon ya lura karfasar kududdufi na ɗaya ba ta rububin abinci kamar da. Yana watsawa sai ya ga rabi yana yawo a kan ruwa. Wasu sukan zabura ba dalili, su yi tsalle, su koma su lafe a gefe. Kullum akan tsinci ɗaya ko biyu matattu. Ɗansa ɗan sakandare ne yake kwashe su, kuma shi ya fara rubuta adadin a bayan littafin makarantarsa, ba don wani ya sa shi ba. Wannan rubutu shi ya zama ginshiƙin duk lissafin da ke cikin nazarin nan. Zuwa 21 ga Maris yaron ya ƙirga 25.

22 ga Maris zuwa 4 ga Afrilu: abin da aka gwada

Daga 22 ga Maris rana ta buɗe sosai, irin zafin da ke haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos a ƙasar Kano. Mutuwar ta tashi zuwa 20, wani lokaci 30 a rana a kududdufi na ɗaya. Tarwaɗa ma ta fara faɗuwa, biyar zuwa goma a rana.

Duk wanda ya leƙo, zafi yake cewa. Mai kiwon ma haka ya ɗauka, ya kuma bi matakan da masu kiwo suka saba.

Da farko ya zuba gishiri, aka kwana uku ba canji. Mai shagon da yake sayen abinci ya ce cuta ce, ya ba shi kafso ja-da-yalo ya riƙa kwaɓawa cikin abinci. Kifin da ba ya ci kuwa ba ta yadda maganin zai shiga cikinsa, haka aka yi kwana biyar ana zubar da kuɗi a ruwa. Wani ya ba shi shawarar ganyen shuwaka, ya jefa dami biyu. Sannan wani tsohon mai kiwo ya ce iska ce ta yi ƙaranci, ya riƙa tayar da injin ban ruwa da asuba yana fesa ruwan sama ya faɗo. Wannan shawara ce mai tushe, domin da asuba ne iskar oksijin ke yin ƙasa a kududdufi. Ya yi mako guda yana ƙona fetur daga kiran sallar farko zuwa fitowar rana, lissafin yaron bai sauka ba. Daga 22 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu karfasa 270 ta mutu.

Ran 2 ga Afrilu ya yanke shawarar canza ruwa. Tunaninsa shi ne ruwan magudana mai gudu ya fi na kududdufi sanyi da tsabta. Ya zubar da kusan rabin ruwan manyan kududdufan biyu, ya buɗe mashiga tun hantsi har azahar. Da la'asar ɗin ranar kifi ya fara juyawa a kan ruwa kamar ana kaɗa shi, wasu suna kifewa ciki sama suna karkarwa. Cikin kwana uku, 2 zuwa 4 ga Afrilu, karfasa 310 ta mutu, tarwaɗa kuma ta haura 100.

Masu banda sun zo suna tayi a kan matattun. Ya ƙi sayarwa, ya sa aka haƙa rami nesa da ruwa aka binne su. A lokacin bai san dalilin mutuwar ba, zuciyarsa ce kawai ba ta kwanta ba. Na girmama shi a kan wannan fiye da komai a cikin labarin, domin mutumin da bashi ke kansa ne ya mayar da kuɗi a ranar da ya fi buƙatarsu.

6 zuwa 8 ga Afrilu: awo da bin ruwa

Ran 6 ga Afrilu aka kira ni, ni mai wannan nazari, in duba lamarin. Na zo da ma'aunin zafi da ɗan akwatin gwajin iskar oksijin, muka yi kwana uku muna awo sau uku a rana a kududdufai ukun.

Da ƙarfe 6 na safe zafin ruwan yana digiri 28 zuwa 29. Da ƙarfe 3 na rana saman ruwan ya kai 36, gindinsa 34. Ruwan ya yi ƙaranci har babu wani sanyi a ƙasa da kifi zai gudu ya fake. Abin da ya tsayar da ni shi ne kududdufi na uku ma daidai wannan zafin yake nunawa, har yakan ɗara da rabin digiri saboda ƙanƙantarsa. Amma daga farkon Maris zuwa ranar, kifi tara kacal ya mutu a cikinsa, kuma karfasarsa tana cin abinci da safe yadda ta saba.

Iskar oksijin da asuba tana wajen miligiram 3 a lita, ƙasa-ƙasa amma ba ta kisa ga karfasa, wadda ke jure abin da ya fi haka ƙaranci. Da rana kuwa ta haura 7, saboda gansakuka tana sakin iska idan rana ta haska. Na tambayi yaron lokacin da yake tsintar matattu. Ya ce da safe bai cika samu ba, tsakanin azahar da magariba suke tasowa.

Wannan amsa ta ture batun ƙarancin iska. Idan iska ce ta ƙare, da asuba kifi ke mutuwa, manya ne ke fara tafiya, kuma za ka gan su sun taru a sama suna haɗiyar iska. A nan ƙanana ne suka fara, da rana tsaka, suna karkarwa da juyawa. Ga kuma tarwaɗa, wadda Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, ita ma tana mutuwa. Na kuma duba gefen ruwa. A kududdufi na uku akwai ƙwarin ruwa suna yawo, mazari yana sauka yana tashi. A manyan biyun tsit, ko ƙwaro ɗaya ban gani ba. Da na buɗe kumatun wasu sababbin matattu, matatar numfashinsu ta kumbura, ta yi fari-fari, majina ta lulluɓe ta.

Ruwa ba ya tsami banza. Ran 7 ga Afrilu da sassafe muka bi magudanar a ƙafa zuwa sama. Ba mu yi tafiyar mita 400 ba muka iske wurin da masu feshi ke ɗiban ruwa. Wani ɗan gangare ne da ƙafa ta daddale, a nan suke haɗa magani, a nan suke ɗauraye famfo mai lita 16 idan sun gama, su tuttular da ɗaurayen cikin ruwa. Mun ƙirga kwalabe da galan-galan 23 da aka yar a gefen ruwa da cikinsa. Na karanta abin da ke jikinsu. Mafi yawa kulofairifos ne, wasu an haɗa shi da saifametirin, sai DDVP, wanda shi ne tushen abin da ake kira fiya-fiya, dukkansu magungunan kashe ƙwari ne. Ban da wannan, gonaki uku suna sakin ragowar ruwan ban-ruwansu ya koma cikin magudanar.

Mun tambayi wani yaro mai feshi ranakun da suka yi aiki a makon da ya wuce. Ya ce ran 1 ga wata da yamma da kuma 2 ga wata da safe gonaki biyar aka fesa, saboda an ce tsutsar ta dawo. Wato a daidai sa'o'in da mai kiwon ya buɗe mashigarsa.

A ranar muka toshe mashigar da buhunan ƙasa.

9 zuwa 13 ga Afrilu: gwajin robobi biyu

Saura tambaya ɗaya, kuma mai kiwon ne ya yi ta. Ya ce, «To Malam, in guba ce, me ya sa ba ta kashe su da dare ko da safe? Ai tana cikin ruwan dare da rana.»

Maimakon in amsa da baki sai muka yi gwaji. Muka kamo ƙananan karfasa 20 masu lafiya daga kududdufi na uku, muka raba su goma-goma a manyan robobi biyu ƙarƙashin inuwar mangwaro. Ɗaya muka cika da ruwan burtsatse, ɗayar da ruwan magudana da aka ɗebo washegarin feshi. Kullum muna canza wa kowace irin ruwanta. Zafin robobin bai wuce digiri 29 ba. Kwana huɗu ba ko ɗaya da ya mutu. Na ruwan magudana sun rage ci, suna yawan zabura, amma suna raye.

Ran 13 ga wata muka dafa ruwa, muka riƙa tsiyaya shi kaɗan-kaɗan muna gaurayawa, yadda zafin zai hau digiri ɗaya duk bayan minti uku. Duk kifin da ya kasa tsayuwa ya kife sai mu rubuta zafin da ya kife a kai, mu tsame shi nan take mu sa a ruwa mai sanyi. Na ruwan magudana sun fara kifewa a digiri 37, kafin a kai 39 duk sun kife. Na ruwan burtsatse suna iyo lafiya har 40, suka kife tsakanin 41 da 42. Bayan an mayar da su sanyi, goman burtsatse duk sun farfaɗo, uku daga na magudana ba su tashi ba.

Wannan dabara masana suka daɗe suna amfani da ita wajen gane iyakar zafin da kifi zai jure. A 2007 wani masani mai suna Patra da abokan aikinsa a Ostireliya sun buga sakamakon irin wannan gwaji a kan kifaye huɗu na ruwan daɗi. Sun sa su cikin ruwa mai ɗan maganin ƙwari wanda bai kai na kisa ba, sannan suka ɗumama ruwan. Endosalfan, wani maganin ƙwari, da kulofairifos duka sun sauke iyakar juriyar kifayen, da digiri 2.5 a mafi ƙaranci har zuwa kusan 6. Sinadari na uku da suka gwada, finol, bai taɓa juriyar ba, abin da ke nuna ba kowace ƙazanta ce ke yin wannan aiki ba.

Yadda abin yake a jikin kifi shi ne haka. Kifi ba shi da zafin jiki na kansa, na ruwan da yake ciki yake ɗauka. Idan ruwa ya ƙara digiri 10, aikin jikinsa kusan ninkawa yake yi, buƙatarsa ta oksijin ma haka. Ruwa kuma yana ɗumi yana rage iskar da yake iya riƙewa: wajen miligiram 9 a lita a digiri 20, wajen 7.5 a digiri 30, ƙasa da 7 idan ya wuce 35. Don haka kifi a ruwan zafi dole ya riƙa zuƙar ruwa da sauri ta matatar numfashinsa. Ta wannan ƙofar kuma guba take shiga jini. Yana ƙara numfashi, yana ƙara sha.

Kulofairifos da DDVP 'yan gida ɗaya ne, dangin oganofosfet. Aikinsu shi ne su toshe wani sinadari da ke katse saƙo tsakanin jijiya da tsoka bayan saƙon ya isa. Idan ya toshe, saƙon ba ya yankewa, tsoka ta yi ta motsi ba hutu. Karkarwa da juyawar da muka gani ke nan. Tsokar da ba ta hutawa tana cin iska, tsokar da ke buɗe kumatu da rufe su ta rikice, matatar numfashin ta kumbura ta cika da majina, hanta kuma tana ƙona ƙarfi wajen fitar da gubar. Da dare, ruwa yana digiri 28, ragowar ƙarfin kifin yana isarsa. Da la'asar, a digiri 35 ko 36 na tsawon sa'o'i uku ko huɗu, ba ya isa. Lafiyayyar karfasa tana da tazarar digiri biyar ko shida tsakaninta da iyakarta a irin wannan rana. Wadda ta sha ruwan magudana tazararta ba ta wuce ɗaya ko biyu ba, ga shi kullum sai ta maimaita wannan wahala.

Akwai wani bambanci da ya kamata mai kiwo ya sani. Dangin oganofosfet suna ƙara dafi idan ruwa ya yi zafi. Dangin saifametirin kuwa sun fi dafi a ruwan sanyi, ko da yake a kowane yanayi ɗan kaɗan ɗinsu yana kashe kifi. Saboda haka hunturu ma ba lokacin sakin jiki ba ne ga wanda ke ƙasan gonakin feshi.

Tsakiyar Afrilu zuwa Mayu: gyara

Bayan toshe mashiga, kowane dare mukan rage kashi ɗaya cikin biyar na ruwan manyan kududdufan mu mayar da na burtsatse, muna watsa shi daga sama don ya ɗauki iska, tunda ruwan ƙarƙashin ƙasa kusan ba oksijin yake fitowa. Fetur ya ci kuɗi sosai, rijiyar kuma ba ta da ƙarfin cika biyu a dare ɗaya, sai aka riƙa yi musu bi da bi. An kafa rumfar zana a kan kashi ɗaya cikin uku na kowane kududdufi ta ɓangaren yamma, wadda ta rage zafin saman ruwa da kusan digiri biyu a ƙarƙashinta. An dakatar da abinci kwana uku, sannan aka koma sau ɗaya a rana da sassafe, rabin abin da aka saba, domin narkar da abinci ma iska yake ci, kashin kifi kuma yana ƙara amoniya, wata guba a ruwa wadda dafinta ke hawa da zafi.

Mutuwar ba ta tsaya nan take ba. Daga 5 zuwa 12 ga Afrilu an ƙara rasa karfasa 85, yawanci a kwanakin farko. Daga 13 ga wata ba a ƙara tsintar ko ɗaya a kududdufi na ɗaya ba, alhali ma'auni yana nuna 35 da 36 da rana har ƙarshen watan. Ci bai dawo daidai ba sai bayan kusan mako uku, domin sinadarin jijiyar da aka toshe sai jiki ya ƙera sabo, kuma kulofairifos yana maƙalewa a laka ya daɗe, ba kamar DDVP da ke rushewa cikin 'yan kwanaki ba.

Batun maƙwabta ya fi wuya. Mai kiwon ya fara zuwa shi kaɗai da zafin rai, aka yi musayar magana, wani ya ce masa ruwan na noma ne, ba don kifi aka kawo shi ba. Bayan kwana biyu ya koma ta hannun mai unguwa da sarkin noma, ni kuma na bi shi da littafin yaron. Ba mu nemi kowa ya daina feshi ba, kuma ba mu yi maganar diyya ba. Mai kiwon ya ce, «Ranka ya daɗe, ruwan nan da ya kashe min kifi, shi yaranmu ke wanka a ciki, shi shanu ke sha a ƙasa da ni.» Wannan magana ce ta juya zaman. Aka amince a kan abubuwa uku: a riƙa ɗiban ruwa da bokiti a haɗa magani a cikin gona, a zubar da ɗaurayen famfo a wani rami da za a haƙa nesa da magudana, a kuma tara kwalaben a buhu. Mai kiwon ne ya biya kuɗin haƙa ramin, ya kuma ajiye tsohuwar durom a wajen.

Yarjejeniyar ta yi aiki rabi da rabi. Masu gonaki sun kiyaye, amma 'yan ƙwadagon feshi da ake ɗaukowa daga wasu ƙauyuka kullum sababbi ne, kuma gangaren ya fi musu kusa. Batun ragowar ruwan gonaki uku da ke komawa magudana kuwa ba a taɓa shi ba, don ba su da wata hanyar fitar da shi.

Ƙarshen lissafin wannan zubi: kududdufi na ɗaya ya rasa 690 cikin 1,200, na biyu ya rasa 260 cikin 2,000, na uku ya rasa 14 cikin 800. Ragowar na manyan kududdufan bai sayar ba sai ƙarshen Yuni, bayan sun yi fiye da wata biyu a ruwan burtsatse, kuma sun fito ƙanana a kan 'yan'uwansu na kududdufi na uku.

Bazara ta biyu

Bayan ya kwashe kifin ya busar da manyan kududdufan, ya kwashe lakar ya kai ta nesa, ya ƙara zurfi zuwa mita 1.5. Tsakanin magudana da kududdufan ya haƙa wani tafki na ajiya, ruwa yana shiga ta wata doguwar kwata mai lanƙwasa da ya bar kacala da jema suka cika ta, a bakinta kuma buhunan gawayi da aka daddaka. Kacalar da manoman yankin Haɗeja ke kuka da ita saboda toshe hanyoyin ruwa, a nan toshewar ake so, don tana rage gudun ruwa har lakar da maganin ke maƙale da ita ta kwanta. Ruwa yakan yi kwana biyar a tafkin yana shan rana kafin a sake shi. A ciki ya rataya ɗan keji na raga da ƙananan karfasa goma. Idan sun ƙi ci ko suna zabura, ba a buɗe wa manya.

Ya kuma matso da zubinsa baya, ya zuba karfasa a Satumba don ya sayar da mafi yawanta kafin tsakiyar Maris. Daga 1 ga Maris zuwa saukar ruwan sama, burtsatse ce kawai ke ƙara wa kududdufai ruwa, sai in ta gaza.

Maƙwabta sun sake dasa tumatir, Sharon ta sake zuwa, feshi ya ci gaba. A Afrilu saman ruwa ya kai 36 kamar bara, amma gindinsa ya tsaya a 31. Sau biyu kifin keji ya nuna alama, sau biyun aka zubar da ruwan tafkin a wani fili da ba a noma, aka jira. Cikin karfasa 500 da tarwaɗa 1,800 da suka yi bazara a manyan kududdufan, 41 suka mutu.

Hukunci

Ba a kai ruwan ɗakin gwaji ba, don haka hujjar wannan lamari a kan abubuwa huɗu take tsaye: kududdufi na uku da ya sha zafi iri ɗaya ya tsira, lokacin mutuwar da siffarta, haɗuwar ranar feshi da ranar canza ruwa, da gwajin robobi. A ganina sun isa. Waɗanda suka ce zafi ne ba su yi ƙarya ba, domin a sa'o'in zafi kifin yake mutuwa, kuma a robar inuwa ruwan nan bai kashe ko ɗaya ba. Amma zafin da kifin ya saba ketarewa shekara biyar ne. Maganin feshi ne ya sauke masa iyaka har zafin da aka saba ya zama ajali.

Gishiri, ja-da-yalo da shuwaka sun faɗi saboda babu ƙwayar cuta a lamarin. Tayar da inji da asuba ya nufi sa'ar da ba a cikinta matsalar take ba. Canza ruwa shi ne kuskure mafi tsada, kusan rabin asarar karfasa a kwana uku, kuma ba na ɗora wa mai kiwon laifinsa, domin shawarar da kowa zai ba shi ke nan muddin ba a bi ruwan zuwa sama an ga abin da ke shiga cikinsa ba. Abin da ya yi aiki ya taɓa ɓangarorin biyu tare: toshe mashiga da tafkin ajiya sun rage gubar, zurfi da rumfa da rage abinci sun rage nauyin zafi. In za a zaɓi ɗaya a ranar da mutuwa ta fara, toshe mashiga ne, tunda mutuwar ta tsaya cikin mako guda alhali zafin bai ragu ba.

Abin da ya fi damuna yana wajen katangar wannan gona. Tarayyar Turai ta hana kulofairifos tun 2020, endosalfan kuma an sa shi cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Istokholm ta haramta tun 2011, amma kwalaben kulofairifos ne suka fi yawa a gangaren da muka gani, a hannun yaran da ke feshi ba safar hannu ba takunkumi. Mai kiwon yana da burtsatse, yana da ɗa mai rubutu, ya kuma iya haƙa tafki. Ruwan da ya toshe wa hanya ya ci gaba da gangarawa zuwa rafin da masunta ke jefa birgi, inda kifin ba shi da rumfa kuma ba mai ƙirga shi. Ran da na koma a Afrilun shekara ta biyu, durom ɗin ta cika da kwalabe har ta zuba, na kuma tsinci guda huɗu a cikin ruwa a tsohon gangaren.